Rumbun da Ba a Leƙawa

Tun da na dawo daga Nijar ban huta ba. Wannan ta kira, wancan ya turo saƙo: yaya ƙasar, kin hau raƙumi, me ya sa kuka ɗaga ranar fitar da wasan? Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma duk wanda na ba sai ya kai wa na gaba da ƙarin gishiri. Jiya wata ta tambaye ni wai da gaske an kore ni daga ƙauye. Ba a kore ni ba. Ga yadda aka yi a rubuce, wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san sana'ata ba, ni da Bashir, abokin karatuna, mun shekara guda muna ƙera wani wasa na waya. Irin wasan nan ne da mutum ke shiga rigar wani. Mai wasa shi ne wata budurwa matafiyiya, tana bin gari-gari, tana magana da mutane, shi ke zaɓa mata abin da za ta ce, shi ke nema mata guzuri. Ni ke rubuta labari da zane, Bashir ke sa su motsi. Haushi ne ya sa muka fara. Mun gaji da wasannin waje, waɗanda in sun tashi zana baƙar fata sai su ba shi bante da mashi su sa shi tsalle a gaban wuta. Muka ce bari mu zana kanmu da kanmu.

Garin farko a wasan ƙauyen su Umma ne, mahaifiyata, can ƙasar Dungas, wajen Dogo-Dogo, inda ban taɓa sa ƙafa ba. Da labaran Umma na gina shi. Maigidan da ke tarbar matafiyiya kuwa kakana ne, marigayi Nomau, na zano shi daga hoto ɗaya tilo da Umma ke ɓoyewa a ƙasan akwatinta. Sannan akwai wata dabara da nake ji da ita. A irin waɗannan wasannin, mai wasa kan shiga gidan mutane ya buɗe akwati, ya fasa tukwane, ya kwashe abin da ke ciki, ba mai ce masa kanzil. Ni sai na ce ba akwati a wasanmu, rumbu za mu sa. Ka danna rumbu, murfi ya tashi, hatsi ya shige jakarka. Har tafa wa kaina na yi ranar da tunanin ya zo mini.

Umma ba ta taɓa waya sai don kira, saboda haka zanen kawai na nuna mata. Ta daɗe tana kallo.

"Fuskar ubana ce," ta ce. "Amma ba ni kaɗai ya haifa ba. Ki kai wa Yaya Mutari ya gani. In ya ce to, na sa albarka. In ya ce a'a, ki goge."

"Umma, in na goge shi ai rabin wasan ya tafi. Aikin shekara ne."

"To ki yi addu'a ya ce to."

Ban damu ba ko kaɗan. Ni fa 'yar gida ce, jikar mai hoton. Wa zai koya mini mutunta dangina? Murna ma na yi, ga dalilin tafiya ya samu.

Cikin bazara na tashi, zafi na dukan ƙeya. Na shiga motar Babura tun da sassafe, aka matse ni tsakanin taga da wata Hajiya 'yar kasuwa mai robobin wanka har rufin mota. Kafin mu fita Kano ta san sunan unguwarmu, da sunan ubana, da dalilin da ya sa ban yi aure ba. Ita ta rabo ni da takalmina mai tsini. Ta kalle shi ta ce, "'Yata, ƙasar rairayi za ki, ba gidan biki ba." A tashar Babura ta tsaya a kaina sai da na sayi silifa.

A iyaka, ɓangarenmu aka duba mu aka sallame mu. Ɓangaren Nijar wani jandarma dogo mai tabarau ya leƙo ya ce kowa ya fito da kat dantite, wato katin shaida. Ya duba nawa, ya tambayi sana'ata. Na ce wasa nake ƙerawa. Ya ce wane irin wasa, na yara? Ni kuwa abin nema ya samu, na zaro waya na kunna masa. Bawan Allah ya jingina da mota ya shiga wasa kamar ba shi da sauran aiki a duniya. Direba na ta gyaran murya, Hajiya na fifita da gefen mayafi tana harara ta. Ya kai matafiyiya ƙauye, ya danna rumbu, murfi ya yi sama, wayar ta yi 'yar ƙararta mai daɗi. Sai ya sauke tabarau ya dube ni.

"A Kano haka kuke yi?"

"Haka ake yi a kowane wasa, ranka ya daɗe. Guzuri ne."

"To," in ji shi. Ya miƙo mini wayar. "Allah shi kiyaye hanya."

Na koma mota ina jin daɗi, wai har jami'in gwamnati ya yaba.

Magariya ta ba ni mamaki don ba ta ba ni mamaki ba. Hausar ita ce, fuskokin su ne, kowa ka taɓa yana da yaya a Kano ko ƙanwa a Daura. Sai dai babur ya koma moto, fetur ya koma esans, burodinsu kuwa dogo ne siriri kamar sandar makiyayi, ana saƙale shi a hammata. Na sauka gidan Tanti Ramatu, 'yar ƙanin kakana, wadda ke koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Mace ce 'yar firit mai muryar da ke tsayar da aji. Ta ajiye mini dambu da zogale da ƙuli, ga mai ya ji, ga yaji. Na ci har na ji kunya, na ƙara. Bayansa aka dasa shayi, ɗan kofi kamar murfin kwalba, zagaye uku. Na farko ɗaci, na shanye da ƙyar na ce na gode, na ƙoshi. Tanti ta ce ba a gudu a na farko, mai daɗin yana gaba, in zauna.

Muna shan na biyu na ba ta wasan. Ta sa tabarau kamar za ta duba jarrabawa.

"Waɗannan raƙuman fa?"

"Ai Nijar ce, Tanti."

"Akwai su, ba a ce babu ba. Amma ke kin zuba su kamar kaji. Mu nan gyaɗa da wake muke nomawa, ɗiyata. Ina amalanken shanu? Ina jakai?" Ta matsa gaba. "Kuma mi ya sa kowa rigarsa da faci?"

"Don a gane ƙauye ne."

"Ki bari ki ga Innarki Haju, matar kawunki, ranar kasuwa, sai ki zo ki faɗa mini inda facin yake."

Na yi dariya, amma ta shige ni. Abin da nake zagin Turawa a kai shi na yi wa dangin uwata, bambancin kawai ban ba su mashi ba. A wurin na fara goge raƙuma, ina gogewa ina jin daɗi, ga gyara kyauta. Tanti ta ci gaba da wasa har ta kai rumbu. Na ji 'yar ƙarar nan. Ta kife wayar a cinya.

"Wannan ki nuna wa kawunki ku biyu. Ba a gaban jama'a ba."

"Wani abu ne, Tanti?"

"Ubansa ne, shi zai faɗa miki."

Na ce to. Irin to ɗin da ake cewa babba, wadda ke shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Washegari ranar kasuwar Dungas ce, aka sa ni a wata tsohuwar mota wadda ake rufe ƙofarta da igiya. Awaki a sama, buhuna a baya, mu a tsakiya. Wata mata ta ɗora mini zabi biyu a cinya ba tare da ta tambaye ni ba, ta ce in riƙe mata ta gyara goyo, ba ta sake waiwayarsu ba sai Dungas. Sau biyu motar ta kafe a rairayi. Kowa ya sauko, maza suka tura, mata suka tsaya a inuwa suna ba da shawara. A karo na biyu zabuwa ɗaya ta kuɓuce mini. Na bi ta da gudu cikin gonar mutane, mayafi na tashi, fasinja na ba ni kwatance kamar masu kallon ƙwallo. Wani dattijo ne ya jefa mata rigarsa ya cafke ta. Na sa wa Hajiyar robobi albarka, da takalmin biki ne da har yanzu ina can.

Kasuwar Dungas kuwa sai wanda ya gani. Na ga zannuwa a jikin matan ƙauye waɗanda ban isa in saya ba, ga lalle, ga azurfa, ga ɗauri. Na yi ta neman faci ban samu ba sai a buhu. Na ba da wayata aka cika mata wuta a rumfar wani mai faranti na hasken rana, na ci tsire a tsaye, sannan na nemi ɗan kabu-kabu. Wani magidanci ne mai suna Issufu, da na faɗi sunan Kawu ya ce ya san gidan. Hawan moto a rairayi wani ilimi ne daban. Gaba na tafiya gabas, baya na tafiya yamma, Issufu na hira kamar yana kan tabarma. Da na zo gyara zama na manna ƙauri a salansa. Tabon yana nan, wanda bai yarda na je ba ya zo ya gani.

Kafin mu shiga ƙauyen na hango su. Rumbuna, sun fi ashirin, a fili bayan gari, saƙaƙƙu da kara da zana, kowanne a ɗage kan itace da 'yar hularsa ta ciyawa. Ba katanga, ba kwaɗo, ba mai gadi. Na ce Issufu ya tsaya.

"Haka ake barinsu? Ba a sata?"

"Wa zai taɓa?" ya ce, kamar na tambaye shi ko ana satar masallaci.

Mu da muke sa wa injin wuta sarƙa a cikin gidanmu, abin ya burge ni ƙwarai. Na yi ta ɗaukar hoto. Na matsa jikin wani, na ga 'yar kafa a saƙar, na kai ido zan leƙa in ga yadda ake jera damman don zanena ya yi daidai.

"Malama." Muryarsa ta canza. "Zo mu tafi, rana na yi."

Kawu Mutari ya tarbe ni a ƙofar gida. Dogo ne, ga furfura, ga hancin Umma sak. Na durƙusa na ce ina wuni, na same ku lafiya, na yunƙura zan tashi. Ashe ko shimfiɗa ba a yi ba. Ina gajiya, ina hanya, ina Hadiza, wato Umma, ina ƙafarta da ke ciwo, ina maigidanku, ina zafi, ina mutanen Kano baki ɗaya. Gwiwata ta yi tsami kafin a kai ƙarshe. Matarsa, Inna Haju, ta ja ni ɗaki tana faɗin lale da ɗiyar Hadiza, ta shafa mini man shanu a ƙunar, ta dama mini fura a ƙwarya. Ban taɓa shan fura irinta ba, kuma na faɗa wa mai furar unguwarmu haka a fuskarta. Aka ba ni gadon Inna, aka ba ni ruwan wanka bokiti guda wanda na ga daga inda aka jawo shi, don haka ban bar ɗigo ya zube a banza ba.

Kwana ɗaya na iya daurewa. Washegari bayan la'asar Kawu na zaune gindin bedi, wato darbejiya, da abokansa, su shida ko bakwai, har da wani tsoho tukuf, Baba Ilu, wanda aka ce abokin kakana ne. Da ya ji ko ni wace ce sai ya ce, "A'a, amaryar Nomau ce ta zo? Kin makara, angon ya tafi." Aka yi dariya. Zuciyata ta ce ga jama'a, ga raha, wane lokaci ya fi wannan? Maganar Tanti ta faɗo mini, na ture ta. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Na durƙusa gefen Kawu na kunna. Da fuskar Kaka ta fito, ya ɗaga hannu yana yi wa matafiyiya maraba, wurin ya kaure.

"Nomau ne, walle Nomau ne!" in ji Baba Ilu. "Har karkacewar hular."

Kawuna suka haɗu a kan 'yar wayata. Kawu ya kai yatsa a hankali ya taɓa gemun ubansa, idonsa ya kawo ruwa. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Na ce a raina an gama, Umma ta shirya albarkarta.

"Ku tsaya ku ga yadda take samun guzuri," na ce.

Na danna rumbu. Matafiyiya ta haye, murfi ya yi sama, damman hatsi suka yi ta tashi suna shigewa jakarta, wayar na 'yar ƙararta. Cikin rumbun ya fito fili, wayam, kowa na gani. Kaka na tsaye a gefe yana murmushin da na zana masa.

Wani ya gyara hula, wani ya dubi ƙasa. Baba Ilu ne ya ce, a hankali, ba da wasa ba, "Ashe ɓarauniya ce."

Kawu ya miƙo mini wayar da hannu biyu, ya tashi, ya ɗauki gatarinsa ya nufi gona. Sauran suka watse ɗaya bayan ɗaya. Aka bar ni durƙushe da waya tana kiɗa.

Da safe na sami Inna Haju tana surfe. Na karɓi taɓarya don in sami abin yi da hannuna, na yi luguden da bai fi biyar ba ta karɓe abarta.

"Inna, me na yi?"

"Shekara talatin da wani abu ina gidan nan," ta ce, tana daka tana magana. "Ban taɓa ganin cikin rumbun maigida ba. Shi ke hawa, shi ke fiddo mini abin da zan daka. In zai hau ma juya baya nake."

"Ko tambaya ba kya yi?"

"In tambayi mi? Rumbu ai asirin gida ne. In ya cika, ba a so a sani, kada a sa ido. In ya yi ƙasa, ba a so a sani, kada yara su tsorata, kada a raina gidan. Akwai shekarar da namiji zai hau ya sauko da kwando a rufe, ba ki san ko daga ciki ya ɗebo ba, ko da abinsa ya hau. Ki karɓa ki ce an gode." Ta tsaya ta share gumi. "Ke kuwa kin sa baƙuwa ta hau na ubansa, ta kwashe, ta nuna wa duniya ba kome ciki, shi yana tsaye yana dariya. Kuma a gaban abokansa."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa ido. Tsoro kuma ya biyo baya, don na san yanzu a'a ce ke jirana, kuma na san na cancance ta.

Na bi Kawu gona. Yana sassabe, yana tara ƙaya wuri ɗaya kafin ruwa ya sauka. Na durƙusa a rairayi mai zafi na ce, "Kawu, na yi kuskure. Ban sani ba, kuma an ce in nuna maka kai kaɗai, na ƙi ji. In ka ce in goge, yau zan goge."

Ya ci gaba da aikinsa. Can ya jingina gatari, ya ce in taso mu koma inuwar gawo. A nan ya ba ni wani labari game da Kaka da rumbunsa, a wata shekarar yunwa, lokacin Umma tana goye. Na karanta littattafai, na rubuta labarai, ban taɓa jin wanda ya kai shi ba. Ina kuka, amma wani ɓangare na kaina, Allah ya shirye shi, har ya fara tsara yadda zai zauna a wasan.

"Kawu, wannan in na sa shi, duk wanda ya buga sai ya girmama Kaka."

"A'a," ya ce. "Na faɗa miki don ke jikarsa ce. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Saboda haka ku ma ba za ku ji shi ba. Bashir ya yi roƙo, ya yi fushi, ya sayo mini shawarma, bai ji ba.

Na share hawaye na ce to, yaya baƙuwa ke samun guzuri a garin nan? Kawu ya dube ni kamar na tambayi yadda ake shan ruwa.

"Ta yi sallama. A ba ta tabarma, a ba ta ruwa. A tambayi mutanen gidansu, ta amsa, ita ma ta tambaya. Ba ta roƙo. In za ta tafi, maigida ya san abin da zai yi."

"In ya hau rumbun fa, ita tana ina?"

"Ta juya baya mana."

Na zaro takarda na fara zanawa a gabansa. Nan fa Kawu ya manta yana fushi. Ya ce wannan fartanyar ta Kano ce, su a tsaye suke noma da doguwar hauya, ya zana mini ita da yatsa a ƙasa. Ya ce zaure ya yi kusa da turken awaki. Ya ce baƙuwar da ta gajarta gaisuwa a ba ta ruwa kawai, kada a ba ta fura, ta koyi hankali, yana faɗa yana kallona ta gefen ido. Kwana uku muka yi a haka, shi da Baba Ilu har gardama suke a kan launin rigar Kaka. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na kwanakin nan ba. A na ukun ya yanke magana: fuskar ta zauna, sunan ƙauyen ya fita, rumbu kuma kada ya buɗu ko da wasa. Shi ya sa ba ku ji sunan garin a nan ba, sunayen mutanen ma na sauya.

Na hau wani tudu inda aka ce rezo, wato sabis ɗin waya, na kamawa, na kira Bashir. Ya ce na haukace. Ya ce duk wasan duniya ana buɗe abu, mutane za su ɗauka wasan ne ya lalace, ga ranar fitarwa ta matso. Na ce a ɗaga ranar. Ya ce to aƙalla me zai zuba a ciki, ko da ba a gani? Na ce kada ya zuba komai, kada ma ya yi masa ciki. Ya ce zai kashe waya kafin ya faɗi abin da zai yi nadama.

Ranar da zan taho, Issufu ya zo da motonsa, Kawu ya ce mu biya ta bayan gari. Ya tsaya gaban wani rumbu, ya jingina tsani. Ashe wanda na so leƙawa ne ranar da na zo. Na juya baya. Ina jin ƙarar ciyawa da ya ɗaga murfi, ina jin motsinsa a ciki, wuyana har ƙaiƙayi yake don son waiwaye. Na kafa ido a kan wani jaki har Kawu ya ce, "To, ɗiyata." Ya miƙo mini ɗan ƙaramin dami a cikin buhu, ya ce in kai wa Hadiza.

A iyaka na tarar da jandarman nan. Ya leƙa buhun, ya dube ni, ya ce, "Yarinyar taki ta bar hawan rumbun mutane?" Na ce ta tuba, ranka ya daɗe. Ya yi dariya ya ce a buɗe mana hanya.

Na iso gida ina zuba kamar kanya. Umma, ya yarda, Umma, ya ce to, ga ƙuna, ga hotuna, ga saƙo. Ta ce alhamdu lillahi, Allah ya yi wa aikin albarka. Sannan ta kwance buhun. Zangarniyoyi ne dogaye, cikakku, kowace kamar an zaɓe ta. Ta ɗauki ɗaya ta juya ta a hannu, sai na ga fuskarta ta sauya.

"Wannan iri ne," ta ce. "Wanda ake warewa tun kaka don shuka."

"To, sai me, Umma?"

"Namiji ba ya taɓa iri sai ɗayan biyu. Ko ya so ya girmama mutum da abin da ya fi kowanne kyau, ko kuwa ya duba bai sami wani a ciki ba."

Na tuna furar da na yi ta sha kwana biyar, har ina ƙari.

"Wanne ne, Umma? Bari in kira Tanti, ita za ta iya bincika mana."

Ta dube ni, kallon da ya sa na ajiye wayar.

"Duk tafiyar nan da kika yi," ta ce.

Washegari ta sa aka auno buhu biyu na gero daga kasuwa, aka kai motar Babura da sunan tsarabar Kano, har da turmin atamfa na Inna Haju don kada buhunan su tafi su kaɗai. Ta zare zangarniya ɗaya ta sa a ƙasan akwati kusa da hoton Kaka. Sauran ta mayar cikin buhunsu, ta ɗaure da kanta, ta ce in rubuta 'yar takarda a haɗa, yadda ta faɗa ba ƙari ba ragi.

Na rubuta: "Yaya, na ga hatsina, na gode. Ni ba ni da gona a Kano. Ka shuka mini shi a gonar Baba kafin ruwa ya wuce."